Farin Saƙin da Yaya Zira Ya Kawo

Litinin, 10 ga Satumba, 1973, da hantsi

Yau aka cire sauran zaren ɗinkin. Selina ce ta cire da hannunta, tana yi tana tsokanata, wai tun muna makarantar 'yan mata ni raguwa ce, allura ma sai an danne ni, ga shi Allah ya mai da ita nas ya kawo ni hannunta. Na yi dariya don kada ta ji babu daɗi. Ban kalli wurin ba. Na san nonon hagu ba ya nan, na san tsagar ta tafi har hammata, wannan ya ishe ni na yau.

Abin da suka cire sun sa a kwalba sun aika Zariya a duba. Likita ya ce sai sakamako ya dawo za a san abin da ya rage a yi. Ni Liyatu da na saba ce wa 'ya'yan mutane su yi haƙuri sakamakon jarrabawa na nan tafe, yau ga ni a layi.

Hannun ba ya ɗaguwa ya wuce kafaɗa. Ƙauna ce ke ɗaura mini ɗankwali kafin ta tafi makaranta. Yarinya 'yar aji biyar tana ɗaura wa uwarta ɗankwali, kuma ɗaurin nata ya fi nawa kyau, abin haushi.

Alhamis, 13 ga Satumba, da yamma

Hannu ya kumbura. Ruwa bai sauka ba yau ma, dawar mutanen unguwar Lamorde duk ta sunkuyar da kai.

Talata, 18 ga Satumba, bayan azahar

Sakamako ya iso. Mun tafi asibiti da maigidana Ezekiya da wana, Yaya Zira, wanda ya sauko daga ƙauyenmu na kan dutse tun jiya ba tare da na aika masa ba. Da aka kira sunana na miƙe, sai Selina ta tare ƙofa ta ce, "Bari maza su fara shiga, ke ki huta." Na koma benci na zauna. Sunana aka kira, amma na zauna.

Sun daɗe. Da ƙofa ta buɗe Selina ce ta fara fitowa, ta riƙe hannuna na dama ta ce, "Mun gode wa Ubangiji, an cire duka." Na ce, "Duka?" Ta ce, "Duka." Ezekiya yana bayanta yana kallon takalminsa kamar yau ya saye shi.

A hanya na ce, "Baban Ƙauna, me takardar ta ce?" Ya ce, "Turancin likitoci ne, Maman Ƙauna, ba irin naku na aji ba." Ya tsaya ya sayi tsire. Mutumin da ke cewa tsire almubazzaranci ne ya sayi tsire, har da neman a ƙara yaji.

Laraba, 19 ga Satumba, da safe

An cire duka. Na rubuta don in gani da idona. An cire duka.

Lahadi, 23 ga Satumba, da la'asar

Bayan sujada matan Zumunta na cocinmu suka zo, ba biyu ko uku ba, dukansu, har tabarmi suka ƙare na aika gidan maƙwabciyata Adda Hapsatu aro. Na yi tsammanin waƙar godiya za su yi, su buga tulu mu yi rawa. Sai suka ɗauko waƙoƙin nan masu jan rai, a hankali, ba ko tafi.

Da za su tafi, Mama Roda ta tsaya baya. Tsohuwar da muka yi cacar baki da ita kan kazarta da ta shiga lambuna, tun Ƙauna tana goye, tun ranar ba ta ƙara amsa gaisuwata da baki ba sai da kai. Ta durƙusa, da tsufanta, ta ce, "Malama, maganar kazan nan, ki yafe mini." Na ce, "Haba Mama, wace kaza kuma?" Ta fashe da kuka.

Wanda aka cire wa duka, kuka ake zuwa yi masa?

Alhamis, 27 ga Satumba, da hantsi

Ashe Ezekiya ya je wurin hedimasta ya ce ba zan koma aji ba wannan zangon. Ba daga bakinsa na ji ba, daga bakin wani ɗan ajina da ya zo gaishe ni. Da ya dawo daga ofishin gona na tare shi tun bai jingine keke ba. Na ce, "Aikina ne ko naka?" Ya ce shi da Yaya sun ga ya fi kyau in hau dutse in huta a gida, iskar can ta fi, ga nono, ga dangi. Na ce, "Kai da Yaya. To ni ina ina lokacin da kuke gani?" Ya ce, "Don Allah kada ki ta da hankalinki." Da sanyin murya ya faɗa, irin wadda ake yi wa jariri. Gara a ce tsawa ya yi mini.

Asabar, 29 ga Satumba, da rana

Dutsen guga nake nema a ƙarƙashin gado. Na jawo adakar Ezekiya don in leƙa bayanta, murfin ya buɗe.

Farin saƙi ne. Sawaye, siraran ƙyallayen saƙar hannu, an haɗa su an ɗinke, sabo fil, yana warin hayaƙin ɗakunanmu na dutse. Na san saƙin, na san ma hannun da ya saƙa.

A wurinmu miji ba ya sayen abin da za a naɗe matarsa. 'Yan'uwanta maza ne ke kawowa, kuma abin kunya ne ranar ta zo ta tarar ba su shirya ba. Ina 'yar yarinya na ga kawunnaina sun shigo da irinsa sun ɓoye a rumbu, Inna tana ɗaki tana numfashi, tana tambaya ko an ba awaki ruwa.

Na mayar na rufe. Na yi gugar kayan Ƙauna da hannu ɗaya. Na ƙona mata aljihu.

Lahadi, 30 ga Satumba, da safe

Ban je sujada ba. Ba na so a yi mini kallon nan.

Litinin, 1 ga Oktoba, da yamma

Ranar 'yancin kai. Yara sun yi maci a fili, ina jin ganga daga tsakar gida. Ƙauna ta dawo da ƙura har gira, tana ba ni labarin yadda aljihunta mai ƙuna ya sa malami ya mai da ita layin baya. Na ba ta haƙuri.

Gangan nan ta tuna mini da shekarar sittin da ɗaya, lokacin ƙuri'ar raba-gardama. A ta farko maza kaɗai aka tambaya. A ta biyu aka ce har mata. Ina amarya, na sha ado na shiga layi. Aka sa ni a wani ɗan ɗaki ni kaɗai da akwati biyu, wannan Nijeriya, wancan Kamaru, ba miji, ba wa, ba mai leƙe. Turawa sun taso daga ƙarshen duniya don kawai su ji inda Liyatu take so ta dosa. Ƙasa guda aka tambaye ni a kanta.

Yau jikina ne, kuma an bar ni a benci.

Gobe zan sa rigar aiki.

Talata, 2 ga Oktoba, da azahar

Na tafi ni kaɗai, Ezekiya na fita na fita. Selina na ganina fuskarta ta canja. Ta ce, "Yau ba ranarki ba ce." Na ce, "Matsa." Na shiga, ta biyo ni.

Na gai da likita da Turancina na aji. Na ce ni malama ce, na zo a karanta mini takardata layi-layi, inda ban gane ba zan ɗaga hannu. Ya dube ni, ya dubi Selina, ya jawo kujera.

Ya faɗi sunan abin. Ciwon daji. Na rubuta yanzu, shi ke nan, ba sai na sake ba.

Ya ce ƙullutun da ke cikin nonon an cire shi, wannan gaskiya ne. Amma akwai kaluluwar hammata, su ma an ciro an aika tare. Guda tara aka duba, an sami cutar a uku. Na ce, "Ma'ana?" Ya zana mini a bayan takarda, ya ce kaluluwa kamar tasha ce, idan an ga abu a tasha to ya riga ya kama hanya, ba wanda zai rantse bai wuce ba. Na ce, "Ke nan ba duka ba." Ya ce, "Abin da ido ya gani duka. Abin da ido bai gani ba, ban sani ba."

Na ce to me ya rage. Ya ce hanya uku. Ko in tafi Ikko, wato Legas, inda suke da injin da ke gasa wurin da wani haske da ba a gani, kullum kaɗan-kaɗan har makonni, fata za ta ƙone, jiki zai mutu, amma yana rage yiwuwar abin ya sake tsirowa a wurin. Ko a sake yi mini aiki a nan a cire ƙwayayen haihuwa, jinin wata ya ɗauke, haihuwa ta ƙare, a wasu mata hakan na sa cutar ta lafa, a wasu ba ya yin komai. Ko in zauna gida, idan zafi ya zo a ba ni magani. Na ce, "Da ƙanwarka ce?" Ya ce, "Ikko, kuma da tuni ta tafi." Bai yi mini alkawarin warkewa ba. Ya ce wataƙila. Sau biyu ya faɗa don kada in ƙara masa gishiri.

Sai ya faɗi abin da ban zata ba. Ya ce duk wannan ya faɗa wa mijina da wana ranar da sakamako ya zo, kuma bayan kwana biyu mijina ya dawo ya ce an yi mini bayani, na ce na zaɓi in zauna gida. Ya ce ya yi mamaki, amma ra'ayin mai jiki ne.

Na juya na kalli Selina. Tana tsaye da tire a hannu. Tana nan ranar da aka faɗa masa haka, ita ta buɗe wa Ezekiya ƙofa.

Likita ya rubuta mini takardar Ikko. Ya ce an yi asarar lokaci, kada in ƙara.

Talata, da magariba

Na dafa tuwo. Ezekiya ya ci ya ce miya ta yi daɗi.

Laraba, 3 ga Oktoba, da la'asar

Selina ta zo da lemo a kwano. Ban ce ta zauna ba, ta zauna.

Ta ce, "Liyatu, haka ake yi. Ba ke kaɗai ba ce. Maza ake faɗa wa. Na ga matan da aka faɗa musu, suka juya fuska bango ba su ƙara tashi ba." Na ce, "Ni kin taɓa ganin na juya wa wani abu fuska?" Ta ce tausayina ta ji. Na ce, "Ke da muka ci kwano ɗaya, muka sha bulala ɗaya, kin riƙe hannuna kin ce duka. Na sake tambaya kin sake cewa duka. Ɓoyewa daban, wannan na iya haɗiyewa. Amma a sa mini magana a baki, a ce na ce, kina tsaye?" Ta ce, "Ba hurumina ba ne in ƙaryata mijinki gaban likita."

Na ce ta ɗauki lemonta. Ta bar shi. Na ba awakin Adda Hapsatu.

Alhamis, 4 ga Oktoba, da safe

Na shimfiɗa saƙin a kan gado, na kira Ezekiya. Da ya gani sai ya zauna a ƙasa, a ƙasa fa, da wandon ofis.

Na ce, "Baban Ƙauna, yaushe na zaɓa? Ina barci ne?"

Ya yi kuka. Tun rasuwar babansa ban ga haka ba. Ya ce Yaya Zira ne ya kafe. Wai 'yar gidansu ba za ta kwanta a ƙasar da ba wanda ya san sunan ubanta ba. Wai wa zai ɗauko gawa daga Ikko? A can ma'aikatan gwamnati ne za su tura ni rami da baƙi, ba dangi, ba kuka, ba wanda zai ɗora dutse. Wai Inna tana kan dutse, Baba yana kan dutse, wurina na nan kusa da su. Ya ce, "Da likita ya ce za ki warke, da na sayar da keke da gona mun tafi. Amma wataƙila ya ce, Maman Ƙauna. Wataƙila kawai."

Na ce, "Wataƙilan nan nawa ne. Ba naka ba ne, ba na Yaya ba. Shi kaɗai ya rage mini kuka ɗauke, kuka ba ni ƙyalle."

Ya ce shi ba zai iya tsallake maganar Yaya ba, a hannunsa ya karɓe ni, idan na mutu a can da wane ido zai hau dutse. Ya ce an riga an shirya, Alhamis mai zuwa zai raka ni a motar Maiduguri mu sauka Michika, Yaya zai tarye mu da jaki.

Abin da ya fi ci mini rai, sona yake yi. Da mugu ne da na san inda zan ajiye shi.

Juma'a, 5 ga Oktoba, da rana

Sun damu da inda zan kwanta. Ba wanda ya damu da ko zan tashi.

Asabar, 6 ga Oktoba, da yamma

Na leƙa ta katanga na kira Adda Hapsatu. Tana azumi, leɓenta a bushe, tana dama furar buɗa-baki. Na faɗa mata komai. Ita kaɗai ce ba ta yi mini fuskar makoki ba. Ta ce, "Yo mutuwa ba ta san hanyar dutse ba ne, da za su ɓoye ki can?"

Ta ce fari ya sa shanu na zubewa, maigidanta Hammanjoda zai kai nasa Maiduguri ya loda a jirgin ƙasa zuwa Ikko kafin su zama ƙashi, kuma ƙanwarta na aure a Agege, can Ikko, ɗaki ba zai gagara ba. Na ce, "Adda, ina ni ina tafiya da mijin wata?" Ta ce, "Wa ya ce da shi za ki? Da ni za ki. Na gaji da jin labarin teku a bakin mutumin nan, wai ya fi mayo ɗari, kogi ɗari fa. Bari in je in kama shi da ƙarya." Na yi dariya har ɗinkin ya motsa.

Motar da za su shiga ita ce ta ranar Alhamis.

Talata, 9 ga Oktoba, da hantsi

Na hana Ƙauna zuwa makaranta yau. Na zaunar da ita na buɗe mata wurin ta gani. Na faɗa mata sunan cutar, da kaluluwa tara, da ukun. Na zana mata tashar yadda likita ya zana mini. Na ce zan tafi Ikko, wataƙila in dawo, wataƙila kada in dawo, kuma ban san wanne ya fi ƙarfi ba. Ta yi kuka mai yawa. Da ta gama ta ce, "Mama, wa zai ɗaura miki ɗankwali?" Na ce Adda. Ta ce, "Ɗaurin Fulani za ta yi miki." Ta kawo ɗankwali ta koya mini yadda zan yi da hannu ɗaya da haƙori.

Ba ta juya fuska bango ba. A faɗa wa Selina.

Laraba, 10 ga Oktoba, da yamma

Na faɗa wa Ezekiya ba zan sauka a Michika ba. Na ce kujera na nan kusa da ni har Ikko idan yana so. Ya ce, "Sai mun je dai." Yana tsammanin idan na ga Yaya zan fasa in sauka. Ni ma ina tsoron haka.

Na sa saƙin a akwatina.

Juma'a, 12 ga Oktoba, da hantsi, tashar jirgin Maiduguri

Jiya muna isa Michika na hango Yaya tun daga nesa, tsaye a gindin tsamiya da jaki, an yi wa jakin shimfiɗa da bargon Baba. Bayansa ga dutsenmu. Ban zaci ganinsa zai yi mini haka ba. Adda ta danne mini gwiwa da tafin hannunta.

Ezekiya ya sauka ya miƙo mini hannu. Ban kama ba. Yaya ya matso jikin mota ya ce da yarenmu, "Sauko." Na gaishe shi yadda ya kamata, na tambayi iyali da awaki. Sannan na ce, "Yaya, na ga saƙinka, na gode, ka fita kunya. Yana cikin akwatina. Idan abin ya same ni a can, da shi za a naɗe ni, Adda ta yi mini alkawari. Amma ba zan hau dutse in zauna ina jiransa ba."

Ya faɗi wata magana game da Inna. Ba zan rubuta ta ba.

Direba ya danna oda. Ezekiya yana tsakani, hannunsa ɗaya a katakon mota, ƙafarsa ɗaya a kan taya. Na ce, "Baban Ƙauna." Ya kalle ni, ya kalli Yaya. Karen mota ya ce, "Malam, ciki ko waje?" Na ga yatsunsa a kan katakon, na san kowane ɗaya, har wanda lauje ya yanka. Ya saki.

Ban waiwaya ba sai da muka wuce gada, lokacin kuma ƙura ta rufe.

Yanzu Hammanjoda na can yana faɗa da masu lodin shanu. Jirgi sai bayan azahar, in ya ga dama. Ina jin tsoro, tsoro sosai, ban san ko injin nan zai yi mini komai ba. Hannun ya sha girgizar mota ya kumbura kamar gora, na rasa inda zan ɗora shi. Adda ta buɗe akwatina tana neman tsumma, ta ciro saƙin, ta tsaya tana kallona. Na ce, "Kawo." Muka ninka shi huɗu, ta zagaya mini a wuya ta ɗaure, na rataya hannun a ciki.

Saƙi ne mai kyau, Yaya bai yi rowar zare ba. Zafin ya ragu.